Shekarar da Inna Hajo ta ba da kujerarta

A Liba aka haife ni, lokacin ƙasarmu duk tana cikin jihar Sakkwato. Mahaifina manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani a fadama. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hajo, ban kuma koma ɗakin uwata ba sai da aike. A bayanta na yi barci, a akushinta na ci tuwo, a bakinta na koyi magana. Har yau in na yi fushi, 'ya'yana sukan ce muryar wata tsohuwa ce ke fita daga bakina.

Mijinta, wato kakana, masassaƙi ne. Ya rasu kafin a haife ni, amma ban taɓa jin kamar ban san shi ba, don duk abin da hannu zai taɓa a ɗakin nan shi ya sassaƙa shi. Akwai akusa baƙaƙe da suka sha mai har suna ƙyalli, da ƙoshiyoyin kwasar tuwo, da ɗan turmin daka yaji wanda bai fi tsawon gwiwata ba. Ƙyauren ɗakin na kirya ne, mai nauyi, in an tura shi sai ya yi wani gurnani kamar sa. Sai kuma kujerarta, 'yar tsuguno, wadda aka fitar daga itace guda, an zagaye bakinta da zane kamar kunyoyin gona. Wata rana ina wasa na kifar da ita, sai na ga ɗan ƙadangare sassaƙe a ƙarƙashinta, inda ba mai gani. Na ruga na nuna mata. Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane.

"Kakanki na, mai neman magana," in ji ta. "Sadda anka kawo ni gidan ga, in nig ga ƙadangare sai in saki ƙwarya in ruga. Shi na yac ce sai na zauna bisa guda har in tsuhwa."

Kayan aikinsa suna ƙarƙashin gado, naɗe cikin fatar akuya: gizago babba da ƙarami, da gatari, da wuƙaƙen sassaƙa masu lanƙwasasshen baki. Ba wanda ya gaji sana'ar. Mahaifina ya bi albasa, ƙanensa ya tafi Jega yana bin mota. Amma kowace shekara in an gama girbi, Inna Hajo takan jawo fatar nan, ta shafe ƙarafan da man kaɗe ɗaya bayan ɗaya, ta mayar ta naɗe.

Da lokacin ɗari, in an yi sallar isha'i, yaran gidanmu da na maƙwabta mukan cika ɗakinta. Takan sa kaskon wuta a tsakiya, garwashin ya yi ja, mu miƙa tafin ƙafa muna ture juna. Ita tana kan kujera, da auduga a hannun hagu, mazari yana juyawa a dama, alli ya yi mata fari a yatsu. Ba ta farawa sai an yi shiru. In an yi, sai ta ce, "To, ga ta can tahe, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata." Ba ta ɗaga murya, ba ta kwaikwayon kukan dabbobi kamar yadda wasu tsofaffi ke yi. A hankali take magana, tana duban zarenta, kamar labarin wani abu ne da ya faru da maƙwabcinta tana ba mu shi cikin sirri. Yawancin tatsuniyoyinta masu daɗi ne, mai gaskiya ya ci nasara, azzalumi ya faɗa rijiya, mu watse muna dariya. Guda ɗaya ce ba ta bi wannan hanya ba, kuma ita ce ta zauna mini.

Wata shekara wani mutum ya fara zuwa Liba. Sunansa Alhaji Mamman, mutumin unguwar Firchin a Jega, amma Mai-tsoho ake ce masa, don tsofaffin kaya yake saye. Ba ya son sabo. In an nuna masa akushi mai tsaga da aka ɗinke da ƙarfe, sai idonsa ya yi haske. An ce Kwatano yake kai su, can wasu su saya su kai wa Turawa su jera a ɗakunansu suna kallo. Mata suka yi ta dariya, suna fito masa da fasassun ƙore suna karɓar kwanonin samira. Wani ya ba shi labarin ɗakin Inna Hajo, ya zo ya yi sallama da mahaifina a zaure, suka daɗe. Da yamma na ji mahaifina yana yi wa Inna magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Ta ci gaba da kaɗinta.

Da aka yi isha'i muka taru kamar kullum. Mahaifina bai saba zama kusa da mu ba, amma ran nan yana waje a gindin bango, yana gyaran igiyar guga. Inna ta buɗe da kalmominta, sannan ta ba mu wannan.

Wai an yi wani gari a bakin gulbi, da wani attajiri a cikinsa wanda ba ya son doki, ba ya son riga, ba abin da yake so sai kayan da hannu ya yi, hannu kuma ya tsofar. Sai aka yi fari. Attajirin ya buɗe rumbunansa, ya ce duk wanda ya kawo masa tsohon abu zai cika masa ƙwarya da gero. Da farko mutane suka kai masa karyayyu. Da yunwa ta yi tsawo suka kai masu kyau. Manomi ya kai fartanya da garma, masaƙi ya kai masaƙarsa, masassaƙi ya kai gizago, maƙeri ya kai zuga-zugi har da uwar maƙera. Attajirin ya gina dogon ɗaki ya rataye su, kowane da maratayinsa, kullum da safe ya shiga ya goge su da hannunsa. A garin nan ba wanda yunwa ta kashe.

Sai ruwa ya sauka. Mutane suka je suka ce ya ba su aron fartanyoyinsu su yi shuka. Attajirin ya fashe da kuka. Ya ce in suka kai su gona ƙasa za ta cinye bakinsu, ƙota ta tsage, su bar masa su, shi zai ci gaba da ciyar da kowa. Suka duba, suka ga gero a hannu, suka koma gindin itace suka zauna. Shekara ta bi shekara. Ciyawa ta rufe gonaki. Maƙeri ya tsufa ya mutu, masassaƙi ya bi shi. Ran da rumbu na ƙarshe ya ƙare, attajirin ma ya kwanta bai tashi ba. Aka ɓalle ƙofar dogon ɗakin. Ga kaya nan a rataye, kowane tsaf kamar ranar da aka kawo shi. Wata mata ta hango fartanyar mijinta, ta miƙa hannu ta kama ƙotar, sai ta zube mata a tafi kamar gari. Ashe gara ta cinye cikin ta bar fatar waje. Suka bi ɗakin kaf, duk haka. Ƙarafan da suka faɗo kuwa tsatsa ta gama da su. Mutanen suka ɗaure 'yan tsummokaransu, kowa ya kama gabansa.

Inna ta naɗe zare a mazari ta ce, "Nan ta tsaya, ni ma nan nit tsaya."

Muka yi ta jiran saura. Da na ga ba ta da niyya, na ce, "Inna, sai me?"

"Sai mi? Ta ƙare."

"To mugun fa? Ba abin da ya same shi?"

Ta dube ni ta saman wutar. "Rabi, wa yac ce miki mugu na? Hatsinai sunka ci har sunka rayu. Son kayan ga shikai, hiye da masu su."

A waje mahaifina ya yi gyaran murya, ya tashi ya tafi. Bai sake tayar da maganar Mai-tsoho ba. Ni kuwa na kwanta ina alfahari, ina cewa a raina Inna ta yi masa wa'azi ba tare da ta kalle shi ba, kuma darasin a fili yake: kada ka ba da kayan ubanka ko me za a ba ka.

Damina ta zagayo, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai. Muka yi ta duban gabas har muka gaji. Abin da aka girbe bai kai mu tsakiyar ɗari ba. Rijiyoyin fadama suka janye, irin albasar da mahaifina ya yafa ya ƙone tun yana kamar gashi. Aka sayar da awaki, aka koma cin abinci sau ɗaya, wani lokacin ganyen tafasa kawai da ɗan ƙuli. Uwata tana goyon ƙanwata Hadiza, nononta ya ƙafe. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da Hadiza ta daina kuka. Sai ta buɗe baki kawai, ba sauti.

A makon nan Mai-tsoho ya dawo, wannan karon da a-kori-kura da buhuna a bayanta. Na ga mahaifina ya zo bakin ƙofar Inna da hantsi ya tsaya. Ya cire hula ya mayar. Namiji mai gemu, ya kasa ce wa uwarsa kalma ɗaya.

Ita ce ta yi magana. "Kai, uban Rabi, tahi ka ce mai shi shigo." Sannan ta juyo gare ni. "Jawo hwatar nan ta ƙarƙashin gado."

Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Ba ki ji ba?"

Ni na riƙa fito da su tsakar gida, akusa da ƙoshiyoyi da ɗan turmin da fatar akuya. Mahaifina da yaron motar suka ciccibi ƙyauren daga mazauninsa. Alhaji Mamman ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce Allah Ya ji ƙan mai wannan hannu, bai taɓa ganin sassaƙa irin tasa ba tun daga nan har Yawuri. Da gaske yake yi, na ga yadda yake shafa bakin akushi da babban yatsa. Da aka gama ɗauka, sai idonsa ya tsaya a kan abin da take zaune a kai.

"Inna, wagga hwa?"

Mahaifina ya ce, "A'a, Alhaji, ban da wagga."

Alhaji ya ce zai ƙara buhun gero a kanta ita kaɗai. Inna Hajo ta dafa gwiwa ta miƙe. Ni kuwa na faɗa kan kujerar na rungume ta, ina ihu ina cewa ai ita ta ce kada a bayar, ita da bakinta ta ba mu labarin. Ta sunkuyo ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Hannunta ba ƙarfi, amma ban iya ƙi ba.

"Sake ta, Rabi. Ƙanwarki ba ta shan itace."

Alhaji ya ɗauki kujerar ya juya ta, ya ga ƙadangaren. Ya yi dariyar murna, ya ɗaga ta yana nuna wa yaron motarsa da mutanen da suka taru a bakin zaure, yana cewa irin wannan ce Turawa ke nema. Inna ta juya ta shiga ɗakin da ba ƙyaure.

Hadiza ta rayu. Uwata ta sha kunu kwana uku, nono ya dawo. An rataya asabari a ƙofar Inna, aka kawo mata kwanon samira mai hoton fure. Ta koma zama a tabarma da ƙafafu miƙe, sai kaɗin ya gagare ta, ta ce mazari ba ya samun wurin sauka. Ta ajiye shi. Tatsuniya ba ta daina ba, amma hannunta ba abin yi, sai ta riƙa murza gefen zane tana magana, labaran kuma suka gajarta. Waccan ta attajirin ba ta sake ba mu ita ba, ko da na roƙa. Damina biyu bayan haka ta rasu, da asuba, a kan tabarmar.

Na yi karatu, na zama malamar firamare, aure ya kai ni Jega. Abu na farko da na yi da na san gari shi ne neman gidan Alhaji Mamman a Firchin. Na same shi a zaure ya tsufa, ƙafafunsa sun kumbura. Da na ce Liba, na ce ƙyauren kirya, sai ya tuna nan take, har da ƙadangaren. Na tambaye shi inda suke. Ya ce ya kai Kwatano, wani ya saye su gaba ɗaya ya sa a jirgin ruwa, shi ko sunan ƙasar bai riƙe ba.

"Malama, zagina kika zo yi?"

Na ce a'a, Baba.

"Jinjirar nan hwa, da anka ce ba ta kuka?"

Na ce tana aure a Kimba, da 'ya'yanta huɗu. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Na fito ban san wanda zan ji haushi ba.

Daga nan na fara tarawa. Na ce tunda namu sun tafi, bari in tare na wasu kada su bi su. In an yi hutu sai in shiga mota in bi ƙauyukan Maiyama da Aliero, ina tambayar tsofaffin mata abin da ke bayan gadonsu. Mijina ya ba ni ɗaki guda, na kafa katakai na jera su: akusa, da ƙore masu zane, da faya-fayai, da bakan shiɓa, da kujeru, da gizago har guda biyar. Na sayi littafi ina rubuta sunan kowane abu da garin da ya fito da wanda ya yi shi, in an sani. Shekaru da yawa ina jin kaina mai ceto.

Wata shekara albasa ta ruɓe wa mutanen Aliero a rumbu. Na je, don na riga na lura a irin wannan lokaci ne ake fito da masu kyau. Wata mata, mijinta yana kwance asibiti, ta kawo mini akushin uwarta. Kafin ta miƙo sai da ta goge shi da gefen gyalenta ciki da waje. Ta ce, "Malama, za ki riƙa cin tuwo cikinai, ko? In ba a ci cikinai tsagewa shikai." Na ce zan riƙa ci. Ƙarya na yi mata. Na san inda zan ajiye shi tun kafin in karɓa. A mota, da akushin a cinyata, na tambayi kaina yaushe na koyi jiran shekarar wahala kafin in fita yawon ƙauye, kuma wa ya koya mini.

Tun daga ranar nake juya tatsuniyar nan, ta ƙi zama inda na ajiye ta ina yarinya. A da na ɗauka cewa take kada a bayar, sai ga shi ita ta bayar da hannunta, kuma daidai ta yi, Hadiza shaida ce. Daga baya na ce a kan masu tarawa ne, irin Alhaji Mamman, irina. Amma yanzu da na kusa kai shekarunta, ina ganin ba da mahaifina take ba a wannan daren. Da kanta take. Ita ce ta yi shekaru tana shafa wa gizago mai tana mayarwa ƙarƙashin gado, alhali ta san ba hannun da zai sake ɗaga shi ya sari itace. Ta riga mu sanin cewa kayan sun mutu tun ranar da aka binne mai su ba magaji, abin da ya rage kawai shi ne a ina za su ƙarasa. Shi ya sa labarin ba shi da mugu, ba shi kuma da wanda ya tsira. Ba hanya ta nuna mana ba. Gaya mana ta yi babu.

'Ya'yana ba sa shiga ɗakin. Babban ya taɓa tambayata, cikin ladabi, abin da nake so a yi da su bayan raina. Na ce zan yi tunani. Har yau ban ba shi amsa ba.

Cikin kayan akwai wani ɗan itace da ban san sunansa ba. Tsawonsa kamar tafin hannu, da huda a kai ɗaya da 'yan tsage-tsage a gefe, ya yi santsi saboda riƙo. Na nuna wa mutane da yawa, kowa ya juya shi ya miƙo mini. Bara aka ce in je Maiyama wurin wata tsohuwa makauniya, wadda ta tashi a gidan masaƙa. Na same ta a rana tana jin ɗumi, na gaishe ta na sa mata shi a hannu. Nan take yatsunta suka shiga tsagogin, wuyan hannunta ya fara juyawa shi kaɗai kamar tana naɗe wani zare da ba na gani. Fuskarta ta washe.

"Ai na san shi! Innata tana da irinai. Sunanai... tsaya." Hannun ya ci gaba da juyawa. "Hannuna ya san shi, ɗiyata. Bakina na yam mance. Bar mani shi kwana biyu, shina zuwa."

Na bar mata. Bayan mako guda na koma da littafina. Tun daga zaure ta ji muryata ta fara murna, ta ce ya zo mata shekaranjiya tana alwala, ta yi maza ta kira matar jikanta ta faɗa mata, ta ce ta riƙe mata shi kada ya sake gudu. Aka kira yarinyar, ta fito da kumfar wanki a hannu. Tsohuwar ta ce, "Hwaɗa ma Malama sunan nan da nib ba ki."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi itacen, ta yi ɗan murmushin kunya.

"Wallahi Kaka, na ɗauka surutunki ne kawai."

Tsohuwar ta ce ba komai, bari ta sake nemowa. Na zauna kusa da ita a ƙasa, littafin a buɗe a gwiwata, tana juya hannu tana motsa leɓe, har aka kira la'asar.